Mulkin Kai: Yadda Ya Zo Ƙasar Magariya da Dungas

Ga hirarmu ta wannan mako an buga ta a takarda, domin wanda ya ji ta a rediyo ya sake karanta ta a hankali. Wanda ya fi ƙwarewa ya taimaki na kusa da shi.

Yau za mu yi magana a kan mulkin kai. Kowa ya san ran 3 ga watan Agusta 1960 Nijar ta samu ƴancinta. Amma ba a ranar nan aka fara aikin ba, ba kuma a ranar aka gama shi ba. Sauke tuta da ɗaga wata aikin dare ɗaya ne. Iya riƙon ƙasa kuwa sai an koya, kamar yadda kuke koyon baƙi da wasali.

Misalin gona

Ku ɗauka wani mai ƙarfi ya ƙwace gonar kakanku. Ya yi shekara sittin yana cin amfaninta, ku kuwa kuna yi masa aiki a cikinta. Ran nan sai ya ce zai mayar muku da ita. Abin murna ne, ba shakka. Amma mai hankali zai tsaya ya yi tambaya. Ina iri? Rumbu yana hannun wa? Wa ya san iyakar gonar? Akwai bashi a kanta? A cikinmu wa zai shugabanci gandu? In ya karkace, wa zai tsawata masa?

To, haka ƙasa take in mulkinta zai tashi daga wani hannu ya koma wani. Akwai tambaya uku da za ku riƙe a duk tsawon hirar nan:

1. Wa ya ɗora mai mulki?
2. Wa ke riƙe da asusu?
3. Wa ke iya ce wa mai mulki a'a?

In amsar ukun nan ita ce "mutanen ƙasa", to akwai mulkin kai. In amsar ita ce "wani can nesa", to da saura.

Karo na farko: ba a tambayi kowa ba

Kafin zuwan Nasara, ƙasarmu tana da masu mulkinta. Dungas da Waca da Mirya su ne ake kira ƙasashen Sosebaki. Sarautar Magariya kuwa tushenta gidan sarautar Daura ne. A zamanin Sarki Tanimun, Damagaram ta yi ƙarfi ƙwarai, sarakunan nan suna kai mata gaisuwa.

A shekara ta 1898 wani sojan Faransa mai suna Kazamaju ya iso birnin Damagaram, aka kashe shi a can. A 1899 Faransawa suka dawo da bindigogi. Aka gwabza a Tirmini, suka ci nasara. A shekarar nan aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga.

Ita iyakar da kuke tsallakawa in za ku ci kasuwa a Nijeriya, ba a nan aka shata ta ba. A Paris da Landan aka shata ta, a kan takarda. Faransa da Ingila sun yi yarjejeniya a 1898, suka gyara ta a 1904, suka sake gyara ta a 1906. Daga 1906 zuwa 1908 sojojin ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa alamu. Magariya ta faɗa hannun Faransa. Daura da Zango da Ɓaure suka faɗa hannun Ingila. Yekuwa tana wannan gefe, Ƴardaje tana wancan gefe, alhali dangi ne, harshe ɗaya, addini ɗaya, suna auratayya. Ba a tara dattawa an ji ta bakinsu ba.

Sarauta ma ba ta tsira ba. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa, suka kai shi Kwaddebuwa. Ba su mayar da sarautar ba sai 1923. Damagaram ce hedikwatar ƙasa daga 1911, amma a 1926 aka ɗauke hedikwatar aka kai Yamai. Nan ma ba a tambayi kowa ba.

Yanzu ku gwada tambayoyin nan uku a kan wancan zamani. Wa ya ɗora mai mulki? Kumandan yana bin umurnin gwamna a Yamai. Gwamna yana bin babban gwamna a Dakar. Shi kuma yana bin minista a Paris. Sarkin kanto kuwa kumandan ke ɗora shi, shi ke sauke shi. Wa ke riƙe da asusu? Talaka yana biyan haraji, wanda muke cewa lanho, makiyayi yana biyan jangali, amma ba wanda ya san inda kuɗin ke tafiya. Wa ke iya cewa a'a? Babu. Akwai aikin tilas: a kwashi magidanta a kai su gyaran hanya ko ginin bariki ba lada. Akwai wata doka da ake kira indijena. Da ita kumandan ke iya kulle mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Abin da ya rage wa talaka shi ne gudu. Shi ya sa gidaje da yawa na bakin iyaka suka kwashe kayansu da dare suka tsallaka ƙasar Daura ko ta Kano.

Mataki na ɗaya: 1946

Yaƙin duniya na biyu ya raunana Faransa. Ƴan Afirka da yawa sun yi mata soja, waɗansu sun mutu a fagen fama. A 1944 Janar Dagol ya tara gwamnoninsa a Birazabil. Suka yi alkawarin sassauci, amma suka ƙi maganar mulkin kai.

A shekara ta 1946 abubuwa huɗu suka faru.

Na ɗaya, an soke aikin tilas. Ran 11 ga Afrilu aka yi dokar. Ufuwet Bwanyi na Kwaddebuwa ne ya kai ta majalisar Faransa.

Na biyu, an soke dokar indijena.

Na uku, an kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Nijar, wato PPN. Daga baya ta shiga babbar ƙungiyar RDA, mai alamar giwa. A ƙarshen shekarar aka zaɓi Jori Hamani ya zama wakilin Nijar a majalisar Faransa.

Na huɗu, an kafa majalisa a Yamai mai kujera 30.

Amma ku lura da yadda aka raba kujerun nan. An yi akwati biyu. Akwatin farko na Faransawa ne da ƴan tsirarun da ke bin dokarsu. Ba su da yawa, amma suna da kujera 10. Akwati na biyu na sauran jama'ar ƙasa ne duka, suna da kujera 20. Kuma ba kowa ke jefa ƙuri'a ba. Sai sarakuna, da ma'aikata, da tsofaffin soja, da ƴan kasuwa masu takardar izini, da irinsu. A 1951 aka ƙara buɗe ƙofa kaɗan: aka yarda wa magidanta masu biyan haraji, da mata masu ƴaƴa biyu.

Me majalisar ke yi? Tana duba kasafin kuɗin ƙasa. Kasafi shi ne lissafin abin da za a tara a shekara da abin da za a kashe. Tana da baki a kan haraji. Amma gwamna ne ke mulki, ba ita ba. Duk da haka a nan ne ƴan ƙasa suka fara koyon aikin: yadda ake karanta lissafi, yadda ake gardama ba faɗa, yadda ake ƙirga hannu a yanke magana.

Mataki na biyu: 1956 da 1957

Bayan shekara goma, Faransa ta ga duniya ta sake. Ta sha kashi a Indocin a 1954. Yaƙi ya tashi a Aljeriya. Maƙwabtanmu na ƙasashen Ingila suna ta matsawa gaba. Sai ran 23 ga Yuni 1956 aka yi wata babbar doka, wadda minista Gaston Dafer ya kawo.

Dokar nan ta ce akwati ɗaya ne ga kowa. Ta ce duk baligi, namiji ko mace, yana da ƙuri'a. Ta ce majalisa za ta zaɓi ministoci ƴan ƙasa. Ku tsaya a nan ku yi tunani. Tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a kasuwar Dungas, ƙuri'arta ɗaya. Baturen kanti a Damagaram, ƙuri'arsa ɗaya. Ba a taɓa ganin haka ba.

Ran 31 ga Maris 1957 aka yi zaɓe. Kujeru 60 ne. Manyan jam'iyyu biyu suka kara. Ga RDA ta Jori Hamani da Bubu Hama, mai giwa. Ga Sawaba ta Jibo Bakari, mai raƙumi. Sawaba ta ci kujera 41, RDA ta ci 19. Sawaba tana da ƙarfi a ƙasar Hausa, a wurin ƴan kasuwa, da ƴan ƙodago, da direbobi, kuma a lokacin sarakuna da dama suna tare da ita. Abdullahi Mamani, wanda daga baya ya rubuta littafin Sarauniya, wakilin Damagaram ne a ƙarƙashinta.

Jibo Bakari ya kafa gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Aka samu ministan noma, da na lafiya, da na ilimi, da na ayyuka. Amma da fari sunan muƙaminsa mataimakin shugaban majalisar gwamnati. Shugaban kuwa gwamna ne, Bafaranshe. Soja, da kuɗin sefa, da hulɗa da ƙasashen waje, duk suna hannun Paris. Wato an ba mu hauya da iri, amma rumbu yana hannun wani. Wannan shi ake kira mulkin kai na cikin gida. Rabin tafiya ne.

I ko A'a: 1958

A 1958 Janar Dagol ya dawo kan mulki a Faransa. Ya kawo sabon tsarin mulki, ya ce kowace ƙasa ta zaɓa. In ta ce "I", za ta zama jamhuriya mai mulkin cikin gida, amma tana cikin tarayya da Faransa. In ta ce "A'a", za ta samu ƴanci nan take, amma Faransa za ta janye hannunta da taimakonta.

Jibo Bakari da Sawaba suka ce "A'a". Hujjarsu ita ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma ƴanci ba a jinkirta shi. Jori Hamani da RDA suka ce "I". Hujjarsu ita ce ƙasa ba ta da likitoci, ba ta da injiniyoyi, ba ta da teku, asusunta kuma bai cika ba. Kowane ɓangare yana da abin faɗa. Har yau dattawa suna gardama a kai.

Amma dole mu faɗi yadda aka yi zaɓen. Faransa ba ta tsaya gefe ba. Ana saura ƴan makonni ta aiko da sabon gwamna mai suna Kolombani, ya yi aiki tuƙuru don "I" ta ci. Sarakuna da yawa suka juya wa Sawaba baya, don gwamnatinta ta tuɓe waɗansu sarakunan kanto. Masana tarihi sun rubuta cewa an matsa wa jama'a, an kuma tsorata su.

Ran 28 ga Satumba 1958 aka jefa ƙuri'a. Kusan 78 cikin ɗari na waɗanda suka jefa sun ce "I". Amma waɗanda suka fito ba su kai 40 cikin ɗari na masu rajista ba. Wato a cikin mutum goma, fiye da shida sun zauna gida. Lokacin kaka ne, ga aikin gona, ga nisa, ga tsoro. Kuma mafi yawan jama'a ba su iya karanta takardar da ake tambayarsu a kanta ba. An rubuta ta da Faransanci. Abin da tafinta ya faɗa, ko abin da sarki ya faɗa, shi suka ji.

Ƙasa ɗaya ce ta ce "A'a", ita ce Gini ta Seku Ture. Ta samu ƴanci ran 2 ga Oktoba 1958. Faransa ta kwashe ma'aikatanta da gaggawa, ta tsayar da taimako. Gini ta sha wuya, amma ta nuna wa sauran cewa ƙofar ƴanci a buɗe take.

Daga jamhuriya zuwa ƴanci

Bayan zaɓen, Jibo Bakari ya sauka a watan Oktoba. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe ran 14 ga Disamba. Haɗin gwiwar masu "I" ya samu rinjaye. Sawaba ta ci kujeru a Tasawa da Damagaram, amma aka soke su.

Ran 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar. Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama ya zama shugaban majalisa. Daga yankinmu, Sarkin Kance Amadu Isaka ya zama minista. A 1959 aka yi tsarin mulki, aka zaɓi tuta mai launi uku da rana a tsakiya. A shekarar nan Nijar ta haɗa kai da Kwaddebuwa, da Dahome, da Ot Bolta, suka kafa ƙungiyar Antant. Dahome ita ce Benin ta yau, Ot Bolta kuma Burkina Faso. Har ila yau a 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba. Shugabanninta waɗansu suka gudu, waɗansu aka kulle su.

Tarayya da Faransa ba ta daɗe ba. A 1960 ƙasashen Antant huɗu suka nemi cikakken ƴanci. Ran 11 ga Yuli aka sa hannu a Paris a kan miƙa iko. Dahome ta karɓi nata ran 1 ga Agusta, Nijar ran 3, Ot Bolta ran 5, Kwaddebuwa ran 7. Ran 20 ga Satumba Nijar ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ku ƙirga da kanku. Daga 1946 zuwa 1960 shekara 14 ke nan. Daga gwamnatin farko ta 1957 zuwa ƴanci, shekara uku ce da ƴan watanni. Mulkin mallaka ya yi shekara sittin, koyon riƙon gwamnati ya samu shekara uku.

Yadda maƙwabta suka yi

Mu leƙa tsallaken iyaka, wurin ƴan'uwanmu na Daura da Kazaure da Kano. Su Ingila ta bar wa sarakunansu hukuma da ake kira En'e, mai baitulmalinta, da alƙalanta, da ƴan dokanta. Saboda haka sun daɗe da sanin riƙon asusu a gida. Amma talaka ba shi da baki a cikin En'e. Shi ya sa Malam Aminu Kano da abokansa na jam'iyyar NEPU suka tashi tun 1950 suna neman sawaba ga talakawa.

A 1953 wani ɗan majalisa daga kudancin Nijeriya, Antoni Enahoro, ya kawo shawarar a ba ƙasar mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da mutanensa suka ƙi a yanka rana. Dalilinsu shi ne Arewa ba ta da isassun ma'aikata na kanta. Suka dage da horar da akawuna da jami'an mulki a Zariya. Gabas da Yamma suka karɓi mulkin cikin gida a 1957. Arewa ta karɓi nata ran 15 ga Maris 1959. Nijeriya ta samu ƴanci ran 1 ga Oktoba 1960, wata biyu bayan namu. Amma a abu ɗaya mun riga su: matan Magariya sun samu ƙuri'a shekara ashirin kafin matan Daura.

Ga wani misali daga nesa. Hong Kong birni ne a bakin teku, a gefen ƙasar Sin. Ingila ta mulke shi fiye da shekara 150. A 1984 Ingila da Sin suka yi yarjejeniya cewa za a mayar da shi hannun Sin ran 1 ga Yuli 1997. Sai a 1991 aka fara barin mutanen birnin su zaɓi waɗansu wakilan majalisar dokoki kai tsaye, kujera 18 cikin 60. Majalisar da aka zaɓa a 1995 kuwa, ranar da aka miƙa mulki aka rushe ta, don Sin ba ta yarda da yadda aka kafa ta ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da aka miƙa da abin da ya rage

Mu koma kan gonarmu. Ran 3 ga Agusta 1960 an mayar mana da ita. Me muka tarar a ciki?

Ma'aikata ba su isa ba. Yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Jori Hamani da Jibo Bakari da Bubu Hama duk sai da suka je Sanigal, makarantar Wiliyam Ponti, kafin su zama malamai. Don haka Faransawa da yawa suka ci gaba da zama a ofisoshi. Rundunar sojan ƙasa sai a 1961 aka kafa ta. Makarantar horar da ma'aikatan mulki sai a 1963. Jami'a sai a farkon shekarun 1970.

Asusu ya dogara ga gyaɗa. Ku kun fi kowa sanin wannan, don ƙasar Magariya da Matamai na cikin manyan masu noma ta. Gyaɗar da iyayenku suka kai kan sikeli ita ce babban abin da Nijar ke sayarwa waje a lokacin. Amma kamfanonin Turawa ke saye, kuma a waje ake yanka farashi. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don cinikin gyaɗa, da hukumar UNCC don bashi da ƙungiyoyin manoma. Wannan yunƙuri ne na karɓo rumbu. Kuɗin sefa kuwa ya ci gaba da zama ɗaure da kuɗin Faransa.

Tambaya ta uku ita ta fi ciwo. Wa ke iya ce wa mai mulki a'a? Mun shiga ƴanci da jam'iyya ɗaya tak. Wanda bai yarda da gwamnati ba, ba shi da kujera a majalisa. Da aka toshe hanyar magana, sai aka koma ta makami. A 1964 ƴan Sawaba suka shigo ta kan iyakoki da bindigogi, aka murƙushe su, mutane suka mutu, da yawa aka ɗaure. A 1974, ana cikin yunwa, soja suka kifar da gwamnatin Jori. Sai a 1991, da babban taron ƙasa, aka dawo da jam'iyyu da yawa. A 1993 aka zaɓi Mahaman Usman, ɗan Damagaram, ya zama shugaban ƙasa.

Mulkin kai ya sauko gida

Akwai wani abu kuma. Iko ya tashi daga Paris ya sauka Yamai. Amma daga Yamai zuwa Dungas tafiya ce ta kusan kilomita dubu. Manomi ya ga an sauya kumandan Bature da ɗan ƙasa, amma har yanzu daga sama ake aiko shi.

Dokar 1964 ta raba ƙasa manyan yankuna bakwai, Magariya ta zama gunduma a ƙarƙashin Damagaram. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265 a duk faɗin ƙasa. Mutanen Bande, da Waca, da Yekuwa, da Guci, da Malawa, da sauransu suka zaɓi kansilolinsu, kansiloli suka zaɓi magajin gari. A 2011 aka cire Dungas daga Magariya ta zama gunduma mai zaman kanta. A watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun nan, suka naɗa kantomomi.

Ko wane ne ke zaune a ofis, zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, tambayoyin nan uku suna nan. Kuɗin da ake karɓa a kasuwar garinku, nawa ne a mako? Ina ake kai shi? Rijiyar da aka ce za a gina, an sa ta cikin kasafi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in mai ɗaki bai iya duba lissafin mai gyara ba, yoyon ba zai tsaya ba.

Iyayenmu na 1958 an tambaye su babbar tambaya a kan takardar da ba su iya karantawa ba. Ku yanzu kun fara iyawa. In kun biya haraji, ku karɓi takardar shaida, ku karanta abin da aka rubuta a kai, ku gwada shi da abin da kuka bayar. In an kira taro, ku je, maza da mata. In an karanta lissafi, ku roƙi a maimaita inda ba ku gane ba. Yin tambaya da ladabi ba rashin kunya ba ne.

Tambayoyi don zaure

Bayan kun gama karatu, ku tattauna waɗannan tare da malaminku:

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne suka faru a 1946?
2. Mene ne bambancin mulkin kai na cikin gida da cikakken ƴanci?
3. Don me mutane da yawa ba su fita zaɓen 1958 ba?
4. In da kuna nan a 1958, "I" za ku ce ko "A'a"? Ku kawo hujja.
5. Akwai tsoho ko tsohuwa a garinku da suka ga wancan zamani? Ku je ku gaishe su, ku tambaye su, ku rubuta abin da suka faɗa a littafinku, ko da layi biyar ne.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.